Ranar da Na Ce Ba Ni da 'Ya

Yakubu da Hannatu, wannan babin domin ku na rubuta shi, ko da yake maganar yayarku Rahila ce. Kun taso kuna jin cewa babanku ne ya ɗauko ta daga Landan tana 'yar shekara uku ya kawo wa mahaifiyarsa a nan ƙauye, wai 'yar fari ta kaka ce, haka aka saba a gidansu. Shi da bakinsa ya baza wannan magana, ya kuma tsaya a kanta har aka sa shi a ƙasa. Na sha ganin yadda kuke yi in an zo wurin, ku yi shiru ku kawar da kai, irin na masu yafe wa mamaci wani laifi. To ba shi da laifin da za ku yafe masa. Ni ce. Yanzu da na dawo gida na zauna, ido ya fara rauni, gara in faɗi yadda abin ya kasance tun hannuna yana iya riƙe biro.

A lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a nan yankin Bagwai. Babanku, Malam Istifanus, yana koyarwa a firamare, da rani kuma yana noman albasa a bakin ruwan Watari. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Sai aka ce asibitocin Ingila suna neman ma'aikatan jinya. Na cike takardu kamar wasa, na zauna jarrabawa, sai ga wasiƙa wai an ɗauke ni. Gida ya cika da 'yan murna, har fasto ya sa aka yi mana addu'a ta musamman ranar Lahadi. Mutum ɗaya ce ba ta yi guɗa ba, Inna Tabawa, mahaifiyar babanku. Tana zaune tana gyaran wake ta ɗago ta dube ni.

"Can ɗin a gidan wa za ku sauka?"

"Haya za mu kama, Inna."

"Haya? Mutum da matarsa da 'yarsa a ɗakin wani?"

Dariya na yi mata. Kun san a zuriyarmu ba wanda ya taɓa biyan ko kwabo don ya kwana. In yaro ya isa aure, a yanka masa gefe a gidan uban, a taru a kwaɓa ƙasa, kafin damina ɗaki ya tsaya. Ni a tunanina neman ɗaki a birni bai wuce ka je ka yi sallama, a yi ciniki, a ba ka makulli ba.

Ni na fara yin gaba. Asibitin ya ba ni wani ɗan ɗaki a masaukin sababbin ma'aikata, gado ɗaya, kuma an rubuta ƙarara ba a kawo iyali. Bayan wata biyu babanku ya iso da Rahila, daidai shigar sanyi. Muka sauka a falon Madam Kande, wata mata 'yar kudancin Kaduna da na sani a coci. Mutuniyar kirki ce, amma ita ma haya take. Mako biyu muna shimfiɗa katifa a ƙasa muna naɗewa da safe, sai ta kira ni kicin ta rufe ƙofa.

"Saratu, ba korarku nake yi ba, Allah ya sani. Mai gidan nan ya zo ya ga katifa. Na roƙe shi ya ɗaga mini zuwa ƙarshen wata. In ya sake zuwa ya gan ku, ni da ku duk muna waje."

Daga ranar muka shiga gari. In na tashi daga aiki ko hutawa ba na yi, sai mu goya Rahila cikin rigunan sanyi mu bi tagogin shaguna muna kwafar lambobin da aka manna na masu ba da haya. Dillalan gidaje a can ofis gare su, da kujeru masu taushi da murmushi. Sai kun zauna a miƙo muku takarda: kawo shaidar albashi ta watanni da yawa, ni kuwa ban daɗe da fara aiki ba, kawo wanda zai tsaya maka, mai gidan kansa a ƙasar, kawo wasiƙa daga wanda ka yi haya a wurinsa a baya. Babanku ya yi ta yi wa wata yarinya bayani cewa gidan da ya fito kakansa ne ya gina shi, ba shi da mai gida sai Allah. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta ce ta gane, amma akwai gurbi a takardar, kuma dole a cike shi. Sai muka bar dillalai muka koma bin masu gida kai tsaye. A waya ɗaki yana nan. Mu hau bas biyu ko uku, mu ƙwanƙwasa, a buɗe, a dube mu, sai a ce ai yanzun nan wani ya kama. Wasu fatarmu suka gani, ban da shakka. Amma da yawa ba mu suke kallo ba, idonsu yana sauka ne ƙasa, kan Rahila da 'yar hularta ja. Wani ya ce matakalarsa ba ta dace da yaro ba. Wata ta ce maƙwabta masu aikin dare ne. Wani kuwa ya nuna ta da yatsa ya girgiza kai ya mayar da ƙofa. Ita kuwa duk ƙofar da aka buɗe sai ta ɗaga hannu ta gaishe su da Turancin da babanta ya koya mata a jirgi.

Wuri ɗaya tak aka yarda da yaro. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, bayan wani shagon kifi. Tun daga matakala wari ya tare mu. Bangon baƙi ƙirin da fumfuna, na ɗora tafin hannu na ɗago shi a jiƙe. Rahila kuwa tun tana jaririya ƙirjinta ba shi da ƙwari, sanyi kaɗan sai ta fara shaƙewa. Ba mu yi minti biyar a ciki ba ta soma tari. Da muka fito babanku ya tsaya a bakin titi.

"Maman Rahila, mu kama. Zan kankare bangon in shafa fenti. Mu samu inda za mu sa haƙarƙari tukuna, sai mu ci gaba da nema."

"Malam, kullum ina ganin yaran da ake kawo mana daga irin ɗakunan nan. Ba zan sa 'yata a ciki ba."

"To ina za mu sa ta?"

Saura kwana shida wata ya ƙare.

Kashegari wata abokiyar aiki ta ba ni adireshin wani gida da bai wuce tafiyar ƙafa daga asibitin ba. Na tashi daga aikin safe na tafi ni kaɗai, da kayan aiki a jikina, don babu lokacin da zan biya in ɗauko babanku da Rahila. Wata tsohuwar Baturiya ta buɗe, gajeruwa, tana dogara sanda. Da ta ga fararen kaya sai fuskarta ta washe. Ta ce mijinta yana kwance ba lafiya, samun ma'aikaciyar jinya a saman bene ai rahama ce. Ta kai ni sama a hankali, tana hutawa a kowace matakala. Ɗaki ne mai faɗi, bushe, da ɗumi, da banɗakinsa da ɗan wurin girki, taga tana kallon wata bishiya. Tunda na sauka ƙasar ban shiga wurin da na ji ƙafata ta yi ɗumi ba sai nan. Ba ta nemi wasiƙar kowa ba. Ta haɗa mini shayi, ta tambayi ƙasarmu, ta tambayi aikin mijina. Tana juya cokali a kofi ta yi tambayar, ko kallona ba ta yi ba.

"Ba ku da yara dai ko? Maigidana ba ya iya jure hayaniya yanzu."

"Babu," na ce.

Ba wanda ya matsa mini. Ban yi in'ina ba, ban ma ji zuciyata ta buga ba. Kalmar ta fito sumul kamar na daɗe da shirya ta. Na sa hannu a takarda, ta ba ni makulli biyu, ta rako ni har ƙofa tana sa mini albarka irin tasu.

Na iske babanku a kicin ɗin Madam Kande yana ba Rahila shinkafa a baki. Na ajiye makullan a gabansa. Ya yi murna har ya tashi tsaye. Sai na gaya masa sauran. Ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon cokalin da ke hannunsa.

"Me kika ce mata?"

"Na ce babu."

"To wannan da nake ba abinci 'yar waye?"

"Na ɗan lokaci ne, Malam. Kunnensu ba ya ji sosai. Kafin su gane mun samu wani wuri."

"Mu koma tare mu gaya mata gaskiya. In ta kore mu, ta kore mu."

"Mu tafi ina? Ƙarƙashin shagon kifi?"

Ya ci gaba da ba Rahila shinkafa. Ku da kuka san shi kun san ba mai ja-in-ja ba ne. Ranar Lahadi, da 'yar tsofaffin masu gidan ta zo ta fita da su, muka kwashe kayanmu muka shiga.

Kwana goma sha ɗaya Rahila ta yi a gidan nan. Babanku bai fara aiki ba tukuna, shi ke wuni da ita. Muka cire mata takalmi, safa kawai take sawa. Muka mayar da abin wasa: wa ya fi iya sanɗa, wa ya fi iya raɗa. In ta yi dariya sai a toshe mata baki da hannu ana yi mata cakulkuli don kada ta ji haushi. In tari ya taso mata, babanku ya kunna rediyo. Sau biyu a mako ake zuwa da mota a kai mijin tsohuwar asibiti, ita ma ta bi su, to a nan ne yake saukowa da ita cikin babbar rigarsa ta sanyi, ya kai ta filin wasa ta yi gudu na awa ɗaya. Yarinya ce mai surutu, a gida har Inna takan ce bakinta ba ya gajiya. Cikin mako guda ta ƙware. Na dawo aiki wata rana na buɗe ƙofa na ce, "Ina 'yata?" Sai ta ɗora yatsa a leɓe, ta zaro ido, ta nuna mini ƙasa. A ran nan har yaba mata na yi.

Akwai kuma wani abu. Babanku bai iya kirana da wani suna ba sai Maman Rahila. Tsohuwar ta ji shi a matakala, ta ɗauka sunana ke nan na gida. Ta ce ya fi Saratu daɗi. Shekara biyu da na yi a gidanta da shi take kirana, safe da yamma, ina amsawa.

A rana ta goma sha ɗaya ina hutu, muna ɗaki mu uku da hantsi, sai muka ji sanda a matakala. Tsohuwar ce ta hawo, ta kawo mana ɗan burodin da ta gasa. Kafin ni ko babanku wani ya motsa, Rahila ta ajiye 'yar tsanarta, ta kwanta rub da ciki, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin gado. Ba wanda ya taɓa koya mata wannan. Na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya, na karɓi burodi, muka yi hirar sanyi da ciwon ƙafa kusan minti goma. Da ta sauka na durƙusa na leƙa. Tana can ƙurya ta toshe bakinta da hannu biyu, tari yana girgiza ta, hawaye yana zuba, amma ko ƙis ba ta bari ya fita ba. Na ce ta fito, an tafi. Ta ƙi. Sai da babanku ya kwanta a ƙasa ya miƙa hannu ya jawo ta. Ya rungume ta, ya dube ni ta saman kanta.

"Zan kai ta gida wurin Inna."

"Wata shida kawai," na ce. "Da zarar mun samu wuri sai ka koma ka ɗauko ta."

"Allah ya sa."

Ku lura, ban ce a'a ba. Ina iya sauka a lokacin in gaya wa matar nan gaskiya, matakala goma sha wani abu ce tsakaninmu. Ina iya ajiye aikin mu dawo gaba ɗaya. Na tuna guɗar da aka yi mana, da 'yan'uwan da suka fara sa rai, da kunyar dawowa hannu biyu, na zaɓi wata shida. A filin jirgi Rahila ta ɗauka yawo za su. Ta raɗa mini a kunne in ajiye mata sauran burodin. Da babanku ya isa gida aka tambaye shi dalili, ya ce shi ya ga dama, 'yarsa ce, ya kawo wa uwarsa. Ya yi wata guda ya dawo.

A lokacin babu waya a ƙauyen nan. Kaset ake ɗauka a ba mai tafiya. Na farko da ya iso, na saka shi na zauna a bakin gado. Bayan gaisuwa sai muryar Inna ta canza.

"Saratu, me kuka yi wa yarinyar nan? Ba ta magana sai raɗa. In baƙo ya yi sallama sai in neme ta in rasa, sai a bayan rumbu. Na tambayi Istifanus ya ce sanyi ne. Ni dai na haifi tara, ban taɓa ganin sanyin da ke sa yaro ɓuya ba."

Daga nan aka ce Rahila ta gaishe da mamanta. Na manna kunne a rediyon. Numfashinta kawai na ji. A kaset na uku ne Inna ta ce ta samo magani. Kullum da safe takan tafi da ita gonar shinkafa a bakin dam, ta ba ta gwangwani da tsakuwa, ta ce aikinta korar tsuntsaye, kuma tsuntsu ba ya jin raɗa. Mako uku tana kaɗa gwangwani baki rufe. Ran nan garken tsuntsaye ya sauka gabanta, sai ta ƙwala ihu har masu ban ruwa suka juyo. Inna ta ce daga ranar bakin ya buɗe. Ni na rufe shi, ita ta buɗe, kuma ban taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba har ta rasu.

A can Landan kuwa, mijin tsohuwar ya mutu kafin sanyin ya fita. Da cikinka ya fito, Yakubu, na je in gaya wa tsohuwar za mu tashi. Ta riƙe hannuna ta ce ina za mu, gidan ya yi mata shiru da yawa, ta daɗe ba ta ji kukan jariri ba. Ita ta saƙa maka safar farko da ka sa. Takan ce ɗan fari daban yake, in ce haka ne. Ko da na gaya mata gaskiya tun ranar shayi za ta karɓe mu, ko za ta rufe ƙofa kamar sauran, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Da muka samu gida mai ɗaki biyu muka nemi dawo da Rahila, sai aka ce iznin zamanta ya mutu saboda daɗewa a waje, a sake nema daga farko. Aka hana mu, muka sake, aka sake hanawa. Sai da ta shekara bakwai na samu zuwa gida, da kai a goye. Na sauka daga mota na hango ta tana tahowa daga rijiya, doguwa, da tulu a ka. Ta sauke, ta durƙusa har ƙasa yadda Inna ta koya mata.

"Sannu da zuwa, Anti."

Aka yi ta dariya ana cewa ke, mamanki ce. Ta yi murmushi ta koma bayan Inna. Mako uku na yi, na cika ta da kaya, na saya mata jakar makaranta mai hoto, na koma. Lokacin da takardunta suka fito tana shekara goma sha biyu, babanku ya zo ɗaukarta, ta ce ba ta zuwa, wa zai ɗebo wa Inna ruwa. Bai tilasta mata ba. A nan ta yi karatu, a nan ta yi aure, kun dai san sauran.

Bara da rani na same ta a gonarta ta tumatir, tana tsince ana zubawa a kwanduna. Na zauna a kan kunya na gaya mata duk abin da na rubuta muku a nan, ban rage komai ba. Na daɗe ina shirya wa ranar. Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Hannunta bai tsaya ba har na gama.

"Ni ban tuna Landan ba," ta ce. "Ko gadon ban tuna ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Abin da na tuna, zuwanki na farko. Tun ana saura kwana uku ki koma na wanke kayana na ƙulle a ɗankwali, na ɓoye a ɗakin Inna. Na ɗauka ni kika zo ɗauka. Da mota ta zo kika goya Yakubu, ni kika miƙo mini jaka."

Na buɗe baki in yi maganar takardu, sai na ji ba ta da amfani. Shekara da shekaru ina neman gafarar abin da ba ta ma san an yi ba, wannan kuwa ko sau ɗaya bai taɓa zuwa raina ba. Ta ɗaure bakin kwandon, ta ɗaga shi ta ɗora a ka ba tare da ta nemi in taya ta ba. Ta yi taku biyu ta tsaya.

"Anti, rana ta yi zafi. Ki koma inuwa saboda hawan jininki."

Na tashi na koma inuwa.